Kyanwar da Ta Je Shaidar Shekaruna

Yanzu idan aka tambayi jikana shekarunsa, sai ya ruga ɗaki ya ɗauko takarda. Ranar da aka haife shi tana ciki, da watan, har da asibitin. A zamaninmu a ƙasar Kurfai ba haka ba ne. Mutum yakan ce an haife shi shekarar fara, ko daminar da rijiyar gari ta rufta, ko ya nuna wani ya ce, "Ni da wancan rana ɗaya aka yi mana askin suna." Ni ma ina da takarda, ta tsufa har ta yage a wurin ninki, amma ƙarya take yi. Ta ɗora mini shekara biyar da ban yi su a duniya ba. Wadda ke riƙe da gaskiyar shekaruna kyanwa ce, kuma a gabana aka kashe ta ranar da aka rubuta takardar.

Abin da ya faru a makon da aka haife ni, daga bakin kakata na ji shi, uwar mahaifina. Ta faɗa mini shi sau da yawa har nakan ga kamar da idona na gani. Ƙauyenmu rabin yini ne a ƙafa daga Filinge. Bayan girbi ne, rumbuna a cike. Da hantsi wani makiyayi ya shigo gari a guje, ya ce ga annasara nan tafe da sojoji baƙar fata, suna karɓar hatsi da mazan da za su ɗauke shi. Mata suka kwashi yara suka yi daji. Mahaifiyata cikinta ya tsufa, ba ta iya gudu. Kakata ta riƙe ta, suna tafiya suna hutawa, har naƙuda ta kama ta a gindin wata aduwa. Can aka haife ni, suna jiyo ƙarar bindiga daga gari. Da ɓawon kara aka yanke mini cibiya.

Kwana uku suka yi a daji. Da suka komo, rabin gari toka ne. Wani tsoho da ya tsaya a bakin rumbunsa ya ƙi matsawa, a nan aka harbe shi, a nan kuma suka tarar da shi ya kumbura, ungulu sun fara shi. Wani an ɗaure shi a turken doki an yi ta dukansa don ya faɗi inda aka binne sauran hatsi, har ya cika yana ɗaure. Mahaifina yana cikin waɗanda aka zarge wa igiya ɗaya a wuya, aka aza musu geronsu a ka, aka tasa su gaba. Ɗaya daga cikinsu ya kuɓuce bayan wata guda. Ya ce duk wanda ya faɗi a hanya ba a ɓata harsashi a kansa, da wuƙar bakin bindiga ake soke shi, a kwance igiyar daga wuyansa, a wuce. Ya ce bai ga faɗuwar mahaifina ba. Mu kuma ba mu ga dawowarsa ba.

Kakata tana tona tokar rumbunmu ko za ta sami abin da wuta ta rage, sai ta ji kuka siriri. Ta ɗaga wani fasasshen tulu. Kyanwar gidanmu tana kwance a gefe, ta ƙone, ƙarƙashin tulun kuma ga 'ya'yanta uku. Biyu sun mutu. Ɗayar tana motsi, idonta a rufe. Kowa ya san ɗan kyanwa ba ya buɗe ido sai ya yi kamar mako, saboda haka kakata ta ce wannan da jikanta tare suka zo. Akuya ɗaya ce ta tsira mana. Da nononta aka raini kyanwar, ana tsoma tsumma ana ɗiga mata a baki. Bayan an yaye ni mahaifiyata ta yi aure wajen Damana, aka bar ni a hannun kakata. Muka zama mu uku a gidan: tsohuwa, da ni, da mussa, kamar yadda muke kiran kyanwa a can.

Kakata ba ta yi salla ba har ta mutu. Al'adar iyayenta ta riƙe. Ba a cin sabon gero a gidanmu sai ta zuba wa magabata farau-farau a gindin rumbu, kuma ragowar ƙwaryar kyanwar take ajiye wa, don ita ce mai gadin rumbun. A wurinta kyanwa 'yar gida ce, dole a kira ta da girmanta. Sai dai girman nan ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ina rarrafe kyanwar ta yi haihuwar fari. Ina koyon magana 'ya'yanta suka haihu. Ranar da na ja mata wutsiya, ina ɗan shekara huɗu ko biyar, kakata ta make mini hannu da muciya.

"Kai maigida, yayarka kake ja wa wutsiya?"

Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

Na ce, "Kaka, ba ke kinka ce sa'ata ce ba?"

"Ga kwana sa'arka ce. Ga tahiya ta bar ka baya. Kai har yanzu hancinka ba ka iya sharewa, ita ko tana da jikoki. Ba ta haƙuri."

Na durƙusa na ba kyanwa haƙuri, ita kuwa tana lasar ƙafarta.

Shekarar da aka yi mini kaciya aka ɗaga ta daga yaya zuwa gwaggo. Na yi gardama, kakata ta zaunar da ni ta yi mini lissafinta a ƙasa da yatsa. Ta ce daminar kyanwa ta fari tana kai ta inda budurwa take. Ta biyu tana kai ta inda mace mai goyo take. Daga nan sai ta rage gudu, amma duk da haka kowace damina ɗaya tata kamar huɗu ce tamu. Ta ce, "Kana nan kana wasan ƙasa za ta kamo ni." Haka kuwa aka yi. Ina kallo gwaggona ta daina hawa rumbu da tsalle ɗaya, sai ta bi ta kan turmi. Gashin bakinta ya yi fari. Ta bar farautar ɓera ga jikokinta, ta koma kwanciya a rana kusa da kakata. A shekarar yunwa, lokacin da muke cin ganyen daji da dusa, haƙoranta suka zube ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka ce a bar ta ta mutu, kakata ta ƙi. Takan tauna abin da ta samu ta sa mata a baki. Tun daga lokacin ta daina ce mata gwaggonka, sai dai ƙawata.

Ba a taɓa ganin kyanwar da ta daɗe kamarta a ƙauyenmu ba. Namu yawanci ba su kai goma, maciji ko kare ko dila ko yunwa sun ɗauke su. Mutane har zuwa suke su leƙa ta. Babu wanda bai san an haife mu mako ɗaya ba, babu kuma wanda ya taɓa jin kyanwa ta ga damina ashirin.

Damina ta goma sha biyar da haihuwarmu aka ce annasara suna yaƙi a ƙasarsu, suna son sojoji. Aka yanka wa ƙauyenmu mutum uku. Masu iyaye da 'yan'uwa maza suka tura samarinsu wajen dangi a Bankuku da Tabla, ko suka ɓoye su cikin makiyaya. Ni ba ni da uba, ga shi na ɗauko tsawon mahaifina, kafaɗuna sun buɗe da noma. Da rana tsaka mai gari ya shigo gidanmu, gardi na biye da shi. Gardi shi ne ɗan sandan annasara, mai jar hula da dorina. Wannan wani ƙato ne mai tsage a kumatu, ba mutumin ƙasarmu ba.

Mai gari bai iya duban kakata ba. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Gwaji kawai za a yi. An ce wanda bai kai ashirin ba ana sako shi."

Ta ce, "Ɗan nan, kai kana wurin ranar da anka yi mai aski. Shekara nawa?"

"Na sani, Inna."

"To hwaɗi mai."

"Ba ni ake tambaya ba."

Gardin ya ɗaure mini hannu da igiya, ya haɗa ni da sauran biyun. Kakata ba ta yi kuka ba. Ta ce mini, "Tahi, maigida. Ina zuwa da shaida."

Kashegari da hantsi aka jera mu a filin gaban bariki a Filinge, mu da yawa daga ƙauyuka. Aka tuɓe mu tsirara a gaban jama'a. Ƙarƙashin wata bishiya an ajiye tebur, wani annasara likita yana zaune, ga tafinta Bazabarme a tsaye, ga mai rubutu. Likitan yakan buɗe bakin mutum ya duba haƙora, ya ɗaga hannunsa ya leƙa hammata, ya ƙwanƙwasa ƙirji. Wani saurayi ya yi ƙoƙarin gudu, aka bi shi da doki aka kayar da shi, aka jawo shi a ƙasa da igiya har fatar bayansa ta saɓule. Amma na ga an sallami biyu a gabana, an ce yara ne. Ɗayansu ma na san ya girme ni. Sai zuciyata ta ɗan kwanta.

Da aka zo kaina likitan ya daɗe yana dubawa. Ya kalli tsawona, ya kalli bakina, ya shafa haɓata da ba ta da ko gashi ɗaya. Na ga yana shakka. Ya ɗaga kafaɗa ya yi wa tafinta magana, tafintan ya tambaye ni, "Shekarunka nawa?"

Kafin in buɗe baki na ji muryar kakata. Tun asuba ta taso. Ƙafafunta sun yi fari da ƙura, ga kwando a kanta an rufe da faifai. Ta ratsa mutane ta zo gaban tebur, ta sauke kwandon, ta ɗauko kyanwar ta aza a kan takardun annasara.

Filin ya ɗauki dariya. Gardin ya ɗaga dorina, likitan ya tsayar da shi da hannu. Shi ma dariya yake.

Tafintan ya ce, "Iya, mene ne haka?"

Ta ce, "Shaidata ce. Gaya mai, wagga mussa da wanga yaro mako ɗaya anka haihe su, makon da 'yan'uwanai sunka ƙone muna gari. Kowa ya sani. Gaya mai, mussa ba ta ganin damina ashirin. Ga ta da ranta. To ina yaro ya samo ashirin?"

Dariyar ta tsaya. Na ji wani dattijo a baya ya ce, "Wallahi tsohuwa ta yi magana." Tafintan ya juya maganar. Daga baya da na iya Faransanci na tuna kalmomin da na riƙe, na gane bai ci amanarta ba. Zancen ƙone gari kawai ya cire.

Likitan ya miƙa hannu ya shafa bayan kyanwar. Da gani ya saba da su. Da a nan kakata ta tsaya, wataƙila da na koma gida a ranar. Amma ta ga ya saurara, ta kuma ga tana da abin alfahari. A wurinmu shaidar tsoho ta fi ta yaro nauyi, don haka ta so ya san shaidarta ba ƙaramar yarinya ba ce. Ta kama kan kyanwar ta buɗe mata baki.

"Ya duba da kyau. Ko haƙori ɗaya babu. Ga ido ya yi hazo. Ta tsuhwa tukuf, ni da ita yanzu ƙawaye ne. Iyakar mussa ke nan, ba ta wuce haka."

Likitan ya sunkuya ya leƙa bakin kyanwar kamar yadda ya leƙa nawa. Ya taɓa dasashinta, ya latsa ƙashin bayanta. Sai ya yi magana mai tsawo yana murmushi. Tafintan ya juya wa kakata maganar.

"Iya, ya ce ya yarda mako ɗaya aka haife su. Ya ce a gidan uwarsa akwai kyanwa da ta shekara ashirin, kuma ta fi wannan haƙora. Ya ce wannan ko kusa ba ta gaza ashirin ba. Ya ce ya gode da shaida."

Mai rubutu ya tsoma alƙalami.

Kakata ta ce, "Ƙarya yake! Wace mussa ce ke ashirin?" Ta kai hannu ta dafe takardar.

Dorinar gardin ta farko a wuyan hannu ta same ta, na ji ƙarar ƙashi. Ta biyu ta sauka a fuskarta, ta faɗi zaune, jini yana zuba ta gira. Gardin ya sa hannu zai share kyanwar daga tebur. Tsohuwar kyanwar da ko tuwo sai an tauna mata, ta kafa masa farce a bayan hannu ta ja har jini. Ya yi ashar. Ya kama ƙafafunta na baya, ya juya ta sama sau ɗaya, ya maka kanta a jikin bishiyar. Ya sake makawa. A karo na uku babu abin da ya rage na kai. Jini da ƙwaƙwalwa suka fantsama a kan tebur da rigar likitan. Ya jefa wa kakata gawar a cinya, ya ce, "Ga shaidarki, tsohuwar banza."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na sa masa kai a ciki, muka faɗi tare, na hau ƙirjinsa na kama kunnensa da haƙori, ban saki ba sai da na ji yanki a bakina. Mutum huɗu suka ɓamɓare ni da gindin bindiga. Ina kwance ina tofar da jini na ji likitan ya faɗi wata magana, mutanensa suka yi dariya. Tafintan ya faɗa mini ita daga baya a kan hanya: wai yaro ba ya kayar da gardi.

Aka ɗaure ni a bishiyar nan, fuskata a daidai inda jinin kyanwar yake. Gardin da kansa ya yi dukan, kunnensa a naɗe da tsumma. Na ƙirga har ashirin, daga nan ban ƙara sanin komai ba. Tabon yana bayana har yau, jikokina sukan sa yatsa su bi layinsa. Da na farfaɗo da la'asar an kore jama'a. Wani ɗan ƙauyenmu da aka sallama saboda gurgunta ya ce ya ga kakata ta mayar da gawar cikin kwando da hannu ɗaya, ta rufe da faifai, ta roƙi wata mata ta aza mata a ka, ta kama hanya. Ba a bar ta ta matso kusa da ni ba.

Aka kai mu Yamai a ƙafa, daga can aka yi ta miƙa mu har bakin teku. Na ga Dakar, na ga ƙasar Faransa da sanyinta da ramukan yaƙinta. Bayan an sallame ni na yi fatauci a Sakkwato da Kumasi. Na iya Zabarmanci da Faransanci da ɗan abin da ake ciniki da shi a Kumasi. Duk inda na sauka nakan duba kyanwowinsu. Zabarmawa "musu" suke ce wa kyanwa, zaki ma "babban musu" suke kiransa. Na Kumasi ramammu ne kamar namu, ba su daɗewa.

A Faransa na sami amsar abin da ya tsaya mini a rai. An harbe ni a cinya, aka ajiye mu jinya a wani ƙauye. Akwai wata tsohuwa da ke wanke mana kaya, tana da wata ƙatuwar kyanwa mai kwana a kan kujera kusa da murhu, ana ba ta madara da hanta a kwanonta na kanta. Na tambayi shekarunta da guntun Faransancina. Matar ta ce goma sha takwas. Na ce ta buɗe mata baki in gani. Ta yi mamaki, amma ta buɗe. Haƙora suna nan, sun yi rawaya, amma suna nan. Na fita waje na zauna a kan dutse na daɗe. Shekara biyu ina riƙe da cewa likitan nan ƙarya ya yi da gangan. Ashe da kyanwar uwarsa ya auna tamu, wadda ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ba ta taɓa gamuwa da dila ba. Kakata kuma ta auna duk kyanwowin duniya da na Kurfai. Ita ce da hannunta ta buɗe masa bakin.

Lissafinta dai bai kuskure ba. Shekaru da yawa bayan haka na faɗa wa wani likitan dabbobi a Yamai yadda take ƙirgawa, ya ce kusan haka su ma aka koya musu. Ya ce kyanwa mai shekara goma sha biyar, in mutum ce ta haura saba'in. Kakata ma wajen haka take a ranar. Da ta ce ƙawarta ce, ba wasa take ba.

Ban sami kakata ba da na dawo. Maƙwabciyarmu ta ce hannun bai ɗoru ba, ya shanye, kuma ta rasu a damina ta biyu bayan tafiyata. Ta nuna mini inda kakata ta binne kyanwar, a gindin rumbu, wurin da take zuba wa magabata farau-farau. Ta ce sai da ta yagi gefen zanenta ta naɗe ta. Ta ce har ta mutu, duk wanda ya shigo gidan sai ta tambaye shi, "Kai ka taɓa jin mussa ta yi ashirin?"

Shekara biyar ɗin nan sun bi ni ko'ina. Da su aka sa ni a soja, da su aka sallame ni, da su za a rubuta mutuwata. A ƙauyenmu kuwa, tun daga ranar nan ba a sake ɗaukar maganar tsohuwa a kan shekarun yaro ba. Abin da aka rubuta a bariki shi ne shekarun mutum.